Kawu Mai Rediyo da Mutumin Kurfi

Ranar Alhamis da hantsi Allah ya karɓi abinsa. Daga gare shi muka zo kuma can za mu koma, duk mun san haka, amma sanin bai amfane ni da komai ba sa'ad da matar Kawu ta leƙo zaure ta ce in shigo. Kwana biyu kacal ya yi a kwance. Kawu ƙanen mahaifiyata ne, shi ya riƙe ni tun ina shekara bakwai, kuma duk faɗin Dutsin-Ma ba a san shi da wani suna ba sai Mai Rediyo.

Kowa da yadda mutuwar ta same shi. Wani tsoho daga Kutawa ya iso da rediyonsa a hammata, gyara ya kawo, bai ji labari ba. Da ya ga tabarmi a ƙofar gida ya daɗe a tsaye, sannan ya cire takalmi ya zauna, ya ajiye rediyon a gefensa kamar shi ma gaisuwa ya zo. Direba, ƙaton mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana jan babbar mota zuwa kudu, shi aka riƙa lallashi. Hedimasta sai cire tabarau yake yana gogewa yana mayarwa. Shi kuwa Alhaji mai hatsi, babban aminin Kawu kuma babban abokin gardamarsa, hankalinsa na kan hanya. Duk babur ɗin da ya tsaya sai ya ɗaga kai. In ya hango baƙon dattijo, musamman in da rawani, sai ya zungure ni.

"Wancan fa? Daga ina?"

"Daga Makera, Alhaji. Surukin maƙwabcinmu ne."

Sai ya ja tsaki ya koma kan carbinsa. Ran sadakar uku ya kasa daurewa. Ya ce, "Wai Mutumin Kurfi ba zai zo ba? Wace irin abota ce wannan? Shekara ashirin mutum yana zarya ƙofarka, ya mutu, ko aike!"

Hedimasta ya buɗe baki, karon farko tun ranar jana'iza. Ya ce, "Wataƙila bai ji ba. Ni dai abin da na sani, in ba mu samo shi ba, zaman Asabar ya bi mai shi."

Ba wanda ya musa. Dole in tsaya nan in faɗi mene ne zaman Asabar, da kuma wane ne wannan mutum da muke jira ba mu san ko kamanninsa ba.

Shagon Kawu ɗan ƙuƙut ne, a gindin wani tsohon itacen bedi. Har yau in na rufe ido ƙaurin dalma nake fara ji, sannan muryoyi. Kantoci cike suke da rediyoyin da masu su ba su dawo ba, wasu sun mutu, wasu sun koma waya. Kawu ba ya zubar da su. Yakan kunna uku ko huɗu ƙasa-ƙasa yana aiki, wannan na Larabci, wancan na Faransanci, wani kuma shuuu kawai yake kamar ruwan sama a nesa. Ina yaro nakan kwanta a kan benci in ga hasken rana yana rawa ta cikin ganyen bedi, in ji kamar duk mutanen duniya sun taru a ɗakin nan suna raɗa, Kawu kaɗai ke gane su.

Daga masu jiran gyara abin ya fara. Mutum zai zauna a ji labaran duniya tare, a gama, gardama ta kaure. Da Kawu ya ga ana tare masa haske, sai ya fitar da benci biyu gindin bedi, ya ce duk mai magana ya riƙe ta zuwa Asabar bayan la'asar. Haka zama ya kafu. Ba mu da suna, ba mu da shugaba, ba a rubuta kowa. Wata Asabar labarai ne, wata tarihi, wata kuma Hedimasta ya zo da littafi a bi shi shafi-shafi har wata biyu. Akwai manomi cikinmu, akwai tela, akwai malamin asibiti, ga ni mai kantin magani, wanda suke kira mai kemis. In damina ta yi nisa mukan ragu zuwa biyar. In an gama girbi har sai an aro tabarma.

Doka ɗaya ce a fili: ba ka magana sai da sukudireba a hannunka. Wani tsohon sukudireba ne mai jan mariƙi, shi ake miƙa wa mai magana. Dabarar Kawu ita ce, shi ma da shi yake aiki. Yana gefe da rediyo a cinya, kamar ba ya ji, amma da ka fara maimaita kanka sai ka ga hannu ya miƙo.

"Ɗan ba ni kayan aikina."

Shi ke nan an katse ka, kuma ba ka da bakin fushi, tunda mutum sana'arsa yake. Alhaji ya fi kowa shan wannan. In kuwa Kawu ya ji wani ya kusa faɗin abin kirki amma yana kewaye-kewaye, sai ya ɗaga yatsu biyu yana murzawa a iska kamar mai neman tasha, ya ce, "Ka kusa. Ƙara murɗawa kaɗan."

Duk littafin da aka kawo, a bayyane ake karanta shi. Kawu ya ce idonsa ya gaji, ba ya ganin ƙananan rubutu, a taimaka masa. Shekaru muna taimaka masa. Ni da wautata ban taɓa tambayar kaina ba, yaya mutumin da ke liƙa waya mai sirin gashi ba tabarau zai kasa ganin baƙi a takarda. Sai a zaman makokin nan Direba ya ja ni gefe, yana share fuska da hannun riga. Ya ce ranar da ya fara zuwa aka miƙa masa littafi ya karanta sakin layi, shi kuwa ko sunansa ba ya iya rubutawa. Kafin gumi ya gama keto masa Kawu ya karɓe littafin ya ba Hedimasta, ya ce shi Kawu idonsa ya lalace, daga yau a riƙa karanta masa da ƙarfi. Direba ya ce, "Wallahi ko sau ɗaya bai taɓa tada maganar ba, ko da muna mu biyu."

Ba a tashi zama da amsa a hannu. In magariba ta kawo jiki Kawu yakan zaɓi tambaya ɗaya da ta gagare mu, ya ce, "Wannan ta yi kwantai." Alhaji ne ya kawo kalmar daga kasuwa, hatsin da aka tashi ba a sayar ba. To kwantan nan shi Kawu ke ɗauka ranar Juma'a. Ana saukowa masallaci zai hau tsohon babur ɗinsa ya nufi Kurfi, ba ya dawowa sai rana ta yi sanyi. Washegari in an zauna, kafin kowa ya taɓa sukudireba, zai goge hannu da tsumma ya ce, "Mutumin Kurfi ya ce..."

Nan kowa ke gyara zama. Amsar ba ta da tsawo, wani lokaci ma ba amsa ba ce, wata tambayar ce da ke kwance mana duk abin da muka ƙulla. Na tuna lokacin da muka yi makonni kan tarihin yaƙe-yaƙen ƙasar Katsina, wa ya ci wa, wane gari aka ƙone, dawaki nawa aka kama. Hedimasta har taswira ya zana a ƙasa. Kawu ya dawo daga Kurfi ya ce, "Mutumin Kurfi ya ce, waɗanda suka tafi ya ji labarinsu. Wa aka bari a gida?"

Ba wanda ya taɓa tunanin wa ya yi noma shekarar, wa ya ɗebo ruwa, wa ya jira a bakin ƙofa har ya gaji ya daina. Tun daga nan tambayar ta zama tambarinsa. Muka yi zancen mutanen da da ke tafiya Makka a ƙasa su shekara bakwai, ya aiko, wa aka bari a gida. Muka ji labarin yaƙi a wata ƙasa mai nisa, da samarinmu masu ƙetare hamada neman aiki, ya aiko da ita dai. Har ta kai in wani ya ɗauko labari da zafi sai Direba ya ce, "A hankali, kar Kurfi ta ji."

Misalansa kullum na cikin gida ne. Da muka yi musu ko lokaci ne ke wucewa ko mu ne ke wucewa, cewa ya yi mu je mu zauna gaban tukunyar wake da yunwa, sannan mu dawo mu faɗa masa ko awa ɗaya tsawonta ɗaya ne ga kowa. Alhaji ya buga cinya ya ce ka ji manyan malamai, ba sa tsoratar da kai da manyan kalmomi. Kowannenmu ya zana shi a ransa. Ni ina ganin siririn dattijo ne mai farin gemu, cikin zaure mai sanyi, littattafai jibge har rufi. Hedimasta ya ce tsohon alƙali ne da ya gaji da mutane. Alhaji kuwa so ya kama shi sosai, har wata sallah ya sayo rawani fari mai tsada, ya ba Kawu ya kai masa. Kawu ya juya ƙunshin a hannu, ya yi wani murmushi, ya ce zai kai. In muka ce ya kai mu mu gaishe shi sai ya ce mutumin ba ya son taro. Ko shekarun da hanyar ta yi zafi, ana tare mutane, matarsa na roƙonsa ya haƙura, Juma'a ba ta wuce Kawu. Yakan ce akwai mai jiransa.

Sau ɗaya muka ɓata da Kawu, kuma a kan Mutumin Kurfi ne. Ni mutum ne mai saurin baki, na sani, an sha faɗa mini. Wata Asabar ina riƙe da sukudireba, kaina ya kumbura da 'yar difilomata, na ce gaskiya dai a faɗe ta, wanda bai yi karatu ba tunaninsa ba ya wuce abin da idonsa ya gani. Direba ya sunkuyar da kai. Kawu bai karɓe kayan aikinsa ba, ya bar ni na zuba har na ƙoshi, sannan ya ce wannan ta yi kwantai.

Asabar ta zagayo ya goge hannu. "Mutumin Kurfi ya ce a tambayi mai kemis. Wadda ta haife shi ta yi karatu? In ba ta yi ba, ya taɓa zama ya ji inda tunaninta ya tsaya, ko daga bakin ƙofa ya auna?"

Aka kwashe da dariya. Na miƙe na ce, "Kawu, mi ya kawo uwata cikin wanga zance? Sirrin gidanmu kake kai wa baƙo?" Na kaɗe riga na tafi.

Abin ya yi mini ciwo ne don gaskiya ne. Ni ɗan fari ne. Inna, mahaifiyata, irin matan da ne masu tsananin kunyar ɗan fari. Ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta kallona ido cikin ido, in tana son a ba ni abinci sai ta ce a kai wa wancan. Da na isa shiga makaranta aka kawo ni Dutsin-Ma wurin Kawu, ita tana Kurfi. Na girma ban ga laifin haka ba, haka na ga ana yi. In na je gaishe ta nakan durƙusa a bakin ƙofa, ina kwana, lafiya lau, ya jiki, da sauƙi, in ajiye abin da na kawo in tashi. Minti biyar ya yi yawa. A zuciyata Inna tsohuwa ce mai ɓarar gyaɗa da jan carbi, Allah ya ba ta haƙuri, shi ke nan.

Wata guda ban je zama ba. Ran nan da rana tsaka ina kanti sai ga Kawu, ya jingine babur, ya shigo ya ɗora sukudireba a kan teburina.

"Riƙe. Faɗi duk abin da ke ranka, ina ji."

Na faɗa, har da abin da bai kamata ɗa ya faɗa wa kawunsa ba. Yana tsaye yana duban kwalaben magani kamar mai karanta su. Da na fara maimaita kaina ya miƙo hannu, ni ma ban san lokacin da dariya ta kuɓuce mini ba. Yana fita ya juyo ya ce, "Asabar muna jiranka. Kuma in ka je Kurfi, ka cire takalmi ka zauna. Ba a hana ka zama ba." Na koma zama, amma shawara ta biyu ban ɗauka ba. Wannan ita ce nadamar da nake rubutu da ita yau.

Asabar ɗinsa ta ƙarshe ba a yi gardama mai zafi ba. Kaka ta shigo, ana ta wucewa da dammunan gero a amalanke, iska na kawo ƙamshin sabon kara. Kawu ya gama gyara wani ƙaramin rediyo, ya kunna, murya ta fito tar, ya kashe. Ya sake kunnawa, ya sake kashewa. Sai ya ce, kamar da kansa yake, "Wai muryar nan, kafin in kunna, ina take zaune?" Malamin asibiti ya fara bayanin igiyoyin iska, Kawu ya ce ya san wannan, da shi yake ci, ba shi yake tambaya ba. Aka juya ta aka juya, aka kira magariba. Ya ce ta yi kwantai. Ranar Talata ya kwanta, Alhamis ya tafi, tambayar ba ta je Kurfi ba.

Bayan sadakar bakwai mun gwada zama sau ɗaya. Abin tausayi. Mutum uku suka kama sukudireba lokaci guda, Alhaji ya yi magana har rana ta faɗi ba mai katse shi, tela ya yi fushi ya tafi. Da aka watse Alhaji ya ce, "Juma'a mu tafi Kurfi. Mu yi masa gaisuwa, mu kai masa kwantan nan, mu roƙe shi ko sau ɗaya a wata ya riƙa zuwa ya riƙe mu. In ya ƙi, a mayar da bencin nan cikin shago a rufe."

Mu huɗu muka tafi a motar Alhaji, Direba na tuƙi, ni da Hedimasta a baya. Muka bi zaurukan malamai ɗaya bayan ɗaya. Kowa ya san Mai Rediyo, kowa ya yi masa addu'a, amma ba wanda ya taɓa zama da shi kan wata tambaya. Wani mai shayi ya ce, "Ai kullum Juma'a babur ɗinsa na ƙofar gidan yayarsa har yamma." Hedimasta ya gyaɗa kai ya ce lalle nan yake ajiye shi ya ƙarasa da ƙafa, ke nan gidan mutumin ba nisa. Muka zaga unguwar gida-gida. Daga nan aka ce akwai wani tsohon malami a Rawayau mai son zancen duniya. Muka bi hanyar burji, gonaki dama da hagu an yanke gero an bar kara a tsaye, tsuntsaye na tashi gaban mota. Ni har na fara jin kamar mafarki nake, muna bin mutumin da kullum yana bayan dutse na gaba. Malamin Rawayau ya karɓe mu hannu biyu, ya ce sau ɗaya Mai Rediyo ya taɓa canja masa eriya, iyakar saninsu ke nan.

La'asar ta yi muka dawo Kurfi a gajiye. Na ce mu biya gidanmu mu sha ruwa, su kuma yi wa Inna gaisuwa, tunda kwanakin makoki tana cikin gida wurin mata, ba su gana ba. Aka shimfiɗa musu tabarma a tsakar gida. Inna na zaune a ƙofar ɗakinta, faifan gyaɗa a gabanta, ƙaramin rediyon da Kawu ya ba ta a jingine da bango. Ni na tsaya inda na saba, bakin ƙofa.

Aka yi gaisuwa, aka yi addu'a. Inna ta ce, "Tun hantsi aka ce an ga motarku cikin gari. Lafiya dai?"

Alhaji ya ce, "Lafiya, Yaya. Wani bawan Allah muke nema, abokin marigayi." Ya kwashe labari ya faɗa mata, har da zuwa Rawayau.

Ta ɓare gyaɗa ɗaya, ta ɓare ta biyu. Ba ta ɗago ba ta ce, "Kun zaga Kurfi, kun je Rawayau. To wa kuka bari a gida?"

Kofin da ke hannun Direba ya tsaya a iska. Hedimasta ya cire tabarau. Alhaji ya ce, "Yaya, mi kika ce?"

Ta dafa bango ta miƙe, ta shiga ɗaki. Muna jin ƙarar murfin akwati. Ta fito da wani ƙunshi cikin leda, ta ajiye gaban Alhaji. Farin rawani ne, ko ninkinsa ba a warware ba.

"Ga kayanka, Alhaji. Na gode ƙwarai, amma ban ga kan da zan naɗa ma shi ba."

Alhaji ya yi salati, ya sake yi. Sannan ya fara dariya, dariyar ta juye ta zama kuka, babban mutum da jikoki, yana riƙe da rawani a ƙirji. Da ya samu kansa ya ce, "Yaya, don Allah mi ya sa? Shekara ashirin!"

Ta ce, "Ni na hana shi faɗi. Ya so ya faɗa, mun sha faɗa da shi a kai. Na ce in ka ce yayata ta ce, za su ce a gaishe ta, su wuce."

Alhaji ya ce, "Wallahi haka za mu yi."

Ni ban san a wace duniya nake ba. Tukunyar wake, jira a bakin ƙofa, duk suka riƙa dawo mini ɗaya bayan ɗaya. Mahaifina fatauci ya yi, yakan yi wata shida bai dawo ba. Ni kuma aka ɗauke ni ina shekara bakwai. Tambayar da muka yi ta jinjina wa shekaru, daga tsakar gidan nan ta fito, inda nake tsaye da takalmi a ƙafa.

Hedimasta ya gyara murya ya ce akwai kwantan da marigayi ya bari, ko za ta ji. Inna ta girgiza kai. Ta ce ba a karɓar kwantai a gaban taro, shi yakan zo shi kaɗai, ya zauna, ya faɗi abin da kowa ya ce, ita kuma ta juya shi tana aikinta. Alhaji ya ce to yanzu wa zai riƙa kawowa, zaman nan in ba ita ba ya mutu. Ta jawo faifanta, ta dubi bango, can gefen da ba ni.

"Akwai wani mai kemis cikinku. In yana da lokaci."

Allah ya jiƙan Kawu. Allah ya haskaka kabarinsa, ya sa ya ji daɗin kwanciya yadda ya sa mutane da yawa suka ji daɗin zama. Ya rufa asirin Direba, ya yi haƙuri da bakin Alhaji, ya riƙe amanar yayarsa har ya koma ga Ubangijinsa. Sai yanzu na gane cewa mako-mako yana ɗaukar maganar ɗa ya kai wa uwa, ya ɗauko ta uwa ya kawo wa ɗa, a kan tsohon babur, don al'ada ta hana su zama su yi da kansu. Bai karya al'adar ba, bai kuma bar ta ta raba mu ba. Addu'ar nan nake ta yi a hanya, Juma'ar da ta biyo, a kan babur ɗin nasa, sukudireba a aljihuna.

Na isa na yi sallama. Na cire takalmi, na shiga, na zauna a tabarma. Na takure kamar yaron da aka kira ofishin hedimasta, ni da furfura a gemu. Na ciro sukudireba na ajiye tsakaninmu. Inna na ɓarar gyaɗa, fuskarta na kallon wajen rumbu.

Na ce, "Mutanen Dutsin-Ma suna gaisuwa."

"Ina amsawa."

Na faɗa mata tambayar Kawu, da abin da malamin asibiti ya ce, da abin da kowa ya ce. Kaji na tsattsagar ɓawon gyaɗa, wata kurciya na kuka a kan katanga. Sannan ta miƙa hannu ta ɗauki sukudireban.

"Ka gaya musu muryar tana cikin ɗakin tun kafin a taɓa rediyon. Ba daga baya take zuwa ba. Jira take."

Na ce to. Na ɗauka ta gama, har na fara neman takalmina da ido. Sai ta ci gaba, muryarta ƙasa-ƙasa.

"Ka kuma gaya wa mai kemis, duk abin da ya faɗa a gindin bedin nan ba wanda ya wuce ni. Kawunsa har muryarsa yake kwaikwaya mini. Ka ce masa yana da kai, gaggawa ce ta yi masa yawa."

Na ce, "Zai ji, Inna."

Ta ajiye sukudireban a tabarma, ta turo shi da yatsa har ya taɓa gwiwata. Har yanzu ba ta dube ni ba.

"To riƙe. Mai kwaikwayon ya tafi. Yanzu daga bakin mai kemis nake son ji."

Na ɗauka. Na fara magana, na yi ta zuba, na maimaita kaina ban san sau nawa ba. Har aka kira la'asar ba ta karɓe sukudireban ba.